Adudun Kakata: Yadda Na Nemo Tarihin Gidanmu a Madarumfa

Yau darasinmu na tarihi ne. Za mu fara shi daga ɗakin wata tsohuwa a Madarumfa. Tsohuwar nan kakata ce, ita ta haifi uwata. Allah ya jiƙanta.

Wanda bai san Madarumfa ba, to, tana kudu maso gabas da Maraɗi, tafiyar kamar kilomita 20. Akwai babban tabki a can, inda masunta ke kama kifi. Akwai kuma kaburburan waliyyai 99 a kewayen tabkin, waɗanda mutane ke zuwa ziyara daga nesa. A 2006 ƙasar Nijar ta miƙa sunan wurin ga hukumar UNESCO, don a sa shi cikin wuraren tarihi na duniya. Gidan Kaka ba ya da nisa da bakin ruwa. Sana'arta suyar kifi da ƙuli-ƙuli. Muna yara, in mun shiga ɗakinta sai ta ce, "Ga miyagun mazana sun zo, ba su kawo mini ko goro ba." Sa'an nan ta miƙa hannu ƙarƙashin gado ta ba mu ƙuli.

Ta rasu a 2007. Bayan sadakar arba'in aka buɗe adudunta. Ga abin da aka tarar a ciki: katin ɗan ƙasa guda, tsohon zane saƙi, kwanon sha mai fure, mazari da gululunsa cikin ƴar taskira, da kuɗin azurfa guda ɗaya mai huda, an zura masa zare. Aka raba sauran kaya. Waɗannan kuwa ba wanda ya damu da su, sai uwata ta ɗauka ta ajiye.

Ni malamin yaƙi da jahilci ne. Na koya ma mutane da yawa rubuta sunansu. Amma ran da ɗiyata ta tambaye ni, "Baba, wace ce uwar Kaka?" sai na yi shiru. Shekara talatin da wani abu ina zama gaban tsohuwar nan, ban taɓa rubuta maganarta ko ɗaya ba. Na ji kunya ƙwarai. Washegari na sayi kaye da bik, na tafi wurin uwata na ce ta fito mini da adudun.

Na fara da katin, don shi ne mai rubutu. An rubuta da Faransanci, "née vers 1925". Ma'anarsa, an haife ta wajen 1925. Ku duba katin tsofaffinku, za ku ga kalmar nan "vers" a jikin da yawa. Ita ke nuna cewa ƙiyasi aka yi. A zamanin da, ba a rubuta haihuwa a ƙauye. Ma'aikaci yakan dubi fuskar mutum, ya kintata shekaru, ya rubuta. Wani lokaci ya dace, wani lokaci ya kuskure.

To, yaya za a gane gaskiya? Tsofaffi ba su ƙidaya shekara da lamba. Da abin da ya faru suke ƙidayawa. Kaka takan ce, "An kai ni ɗaki shekarar da ruwa ya ci Maraɗi." Wannan shekara sananniya ce. Tsohon birnin Maraɗi a cikin kwarin gulbi yake. A 1945 Gulbin Maraɗi ya kawo ruwa mai yawa, ya rushe gidaje, aka tashi aka koma kan tudu, inda garin yake yanzu. Ashe an yi mata aure a 1945.

Shaida ɗaya ba ta isa ba, sai na nemi ta biyu. Uwata ta tuna cewa bayan biki ba da daɗewa ba aka kwashi kakanmu namiji zuwa aikin dole. Bai jima ba aka sallame su, aka ce an hana. Na duba, na ga a watan Afrilu na 1946 aka yi dokar da ta hana aikin dole a ƙasashen da Faransa ke mulka. Kun ga magana biyu sun haɗu, kowace ta tsaida ƴar'uwarta.

Kaka takan kuma ce azumi biyu ta yi kafin aurenta, kuma an haife ta shekarar fara. Yarinyar da ta yi azumi biyu ba ta wuce shekara 14 ko 15 ba. Ku ɗauki allo mu yi lissafi tare. In an cire 14 daga 1945, saura nawa? Saura 1931. A 1930 da 1931 kuwa fara ta sauka a ƙasar nan, har aka yi yunwa mai tsanani, musamman a yamma, ƙasar Zabarmawa. Saboda haka na rubuta cikin kaye: an haifi Kaka wajen 1931. Kati ya ƙara mata shekara shida.

Kwanon sha bai ba ni wuya ba. Da kuɗin gyaɗa aka sayo shi, zamanin da gyaɗa ke da daraja a ƙasar Maraɗi. Daga Kano ya fito, ya biyo ta Jibiya. Zanen kuwa na ranar aurenta ne.

Sai kuɗin azurfa. A nan na kusan yin babban kuskure, shi ya sa zan daɗe a kansa. A gefe guda akwai kan mace. A ɗaya gefen akwai tsuntsu mai kai biyu, da lamba 1780. Da na karanta sai murna ta kama ni. Na ce ashe kuɗin nan ya fi shekara 200 a gidanmu, ashe mu tsofaffin attajirai ne! Na yi ta faɗi a gari. Wani tsohon maƙerin farfaru a kasuwar Maraɗi ne ya kashe mini baki. Ya yi dariya, ya jawo irinsa guda uku daga cikin gwangwani. Dukansu 1780 ne a jiki.

Ga dalili. Sunan kuɗin nan liyari. Macen da ke jiki sarauniyar ƙasar Ostiriya ce, Mariya Tereza, wadda ta mutu a 1780. Fatake na ƙasashen Larabawa da na Afirka sun amince da kuɗinta, don azurfarsa na da kyau, nauyinsa kuma ba ya canzawa, wajen giram 28. Sai aka ci gaba da buga shi bayan mutuwarta, ba a taɓa lambar ba. Wanda aka buga a 1850 da wanda aka buga a 1930 duk 1780 ne a jikinsu. Ayarin raƙuma ke kawo shi daga Tarabulus, ta Agadas da Damagaram, har Katsina da Kano. Wani Baturen Jamus, Bart, wanda ya sa ma kansa suna Abdulkarim, ya bi ta Tasawa da Gazawa a 1851, ya wuce Katsina da Kano. Ya rubuta cewa a lokacin ana canza liyari guda a kan wuri 2,500. Mata sukan huda shi su rataya, ko su ba maƙeri ya narka ya yi munduwa. Shi ne asusun mata na da.

Kun ji. Rubutu ya ruɗe ni sau biyu, a kati da a kuɗi. Wanda ya iya karatu kada ya ɗauka duk abin da ya gani a rubuce shi ke nan. A karanta, a kuma tambaya.

Wa zan tambaya? Sa'o'in Kaka duk sun tafi, sai ƙanwarta guda, autarsu, a wani ƙauye kusa da Gabi. Na yi ta cewa gobe, gobe, har shekaru suka wuce. Bayan girbin 2018 na ji ba ta da lafiya, na hau babur na tafi. Na tarar idonta ya yi rauni, amma kanta garau. Ta ji muryata ta ce, "Angona, yau ka tuna da ni? Ko amarya ce ta kore ka?" Na ce, "Kaka, tuba nake, ga goro." Na sa mata liyarin a hannu. Ta shafa, ta shafa, ta yi shiru. Can ta ce, "Biyar ne. Wannan kaɗai ya saura?"

Na ce, "Ina huɗun?"

Ta ce biyu sun tafi a Kakalaba, uwarsu tana yarinya. Kakalaba ita ce yunwar 1913 zuwa 1914, wadda ta kashe mutane masu ɗimbin yawa daga nan har Kano da Barno. Ɗaya Kaka ta sayar a farin 1973 da 1974, lokacin da shanu suka mutu. Ɗaya kuma ya tafi a El Buhari, wato yunwar 1984. An sa mata wannan suna don a shekarar ce Janar Buhari ya rufe iyakar Nijeriya, hatsi ya daina shigowa ta Ɗan Isa yadda aka saba. Ni kaina na tuna 2005, da hatsi ya yi tsada, yara suka yi ta ramewa a jahar Maraɗi. Wani kawuna ya roƙi Kaka ta ba da na ƙarshen a sayar. Ta sayar da akuyarta, ta hana kuɗin. A lokacin mun ce rowa ce irin ta tsofaffi.

Na ce, "To, wa ya tara su tun farko?" Ta ce in kori yaran da suka taru a bakin ƙofa. Na kore su. Ta ce, "Kakarmu ce, mai mazarin nan. Ba ƴar nan ba ce. Kamo ta aka yi."

Jama'a, don ku fahimci maganar nan sai mun koma baya kaɗan. A 1804 Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya fara jihadi. A 1807 birnin Katsina ya faɗa hannun mutanensa, Malam Ummarun Dallaje ya zama sarki. Tsohon gidan sarauta ya gudo arewa. Bayan yawo mai tsawo, Sarki Ɗan Kasawa ya zauna Maraɗi wajen 1819. Shi ya sa har yau ake ce ma sarkin Maraɗi Sarkin Katsina. Su kuwa ba su haƙura da garinsu ba. A 1836 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ci Katsinawan Maraɗi da Gobirawa a yaƙin Gawakuke, Sarki Rauda ya mutu a wurin. A shekarar ce Gobirawa suka kafa Tsibiri. Yaƙi bai ƙare ba. Sarki Ɗan Baskore, wanda ya rasu wajen 1875, ya yi fiye da shekara 20 yana kai hari kudu. Bayansa aka yi Ƙaura Hasau, wanda maroƙa ke ambata har yanzu. Tsakanin Maraɗi da Katsina sai ya zama daji, mutane na tsoron zama. Madarumfa da Gabi suna bakin hanyar nan ta kudu. Mahaya sukan ratsa dajin da rani, su faɗa ƙauyukan ƙasar Katsina da Kano da Zazzau, su komo da dabbobi da mutane. Na kudu su ma sukan zo su rama.

Cikin irin wannan hari aka kamo kakar Kaka, tana ƴar yarinya, ta tafi rijiya. Tsohuwa ta ce har ta mutu bakinta bai juye ba. Inda mu muke cewa "hwara", ita "fara" take cewa, yara na kwaikwayonta suna dariya. Ana ce mata Bakanuwa. Takan ce garinsu akwai marina da yawa. In an bi lissafin haihuwa, kamunta ya faɗo wajen 1890 da ƴan kai, zamanin Ƙaura Hasau.

Aka ba da ita ga wani gida. A da akwai abin da ake kira murgu. Bawa yakan yi sana'ar kansa, ya riƙa biyan ubangijinsa wani abu, in ya tara da yawa ya fanshi kansa. Ita kaɗi ta iya. Ta gurje auduga, ta shiɓe, ta kaɗa zare da dare bayan ta gama aikin gida, ta sayar ma masaƙa. Wuri bisa wuri har ta fanshi kanta. Ta yi aure, ta haifi uwar Kaka. Ba ta bar kaɗi ba. Abin da ta tara bayan fansa ta mai da shi azurfa, liyari biyar. Ta ce ma ɗiyarta kada a taɓa su don biki ko don ado, sai ran da yunwa ta zo ɗaukar yaro. Kuma ko mene ne ya faru, a bar guda.

Tana nan da rai Turawa suka zo. Faransa da Ingila suka yi yarjejeniya a 1904 da 1906, suka raba ƙasa. Daga 1906 zuwa 1908 aka bi daji ana kafa alamun iyaka, waɗanda ake kira tangaraho. Maraɗi ta faɗa hannun Faransa, Katsina da Kano suka faɗa hannun Ingila. Hari ya ƙare, hanya ta buɗe. A 1905 Faransa ta yi dokar hana kamu da cinikin bayi a ƙasashenta na Afirka ta Yamma. Wasu da aka kamo suka koma gida. Na tambayi tsohuwa, me ya hana ita komawa? Ta ce, "Wa za ta tarar? Ga ɗiya a baya, ga miji. Ta ce inda aka binne cibiyar ɗanka nan ne garinka."

Na dawo Madarumfa da kaye cike. Da na karanta ma dangi, sai kawun nan nawa ya tashi da faɗa. Ya ce in yage takardar. Ya ce muna da ƴan mata da ba a aurar ba, in maganar nan ta fita wani zai ce jinin bayi ne. Ban ga laifinsa duka ba, don akwai masu irin wannan tunani har yanzu, ko da yake tun 2003 dokar ƙasa ta sa bautar da mutum cikin manyan laifuffuka. Amma ban yage ba. Na ce masa, Kawu, yarinyar da aka sata a bakin rijiya, me ta yi na kunya? Ga kuma wani abu. Ta wajen ubana, kakan kakana yana cikin mahayan da ke zuwa harin nan. In ana biki a gidanmu maroƙa na yi masa kirari, mu kuma muna ba su kuɗi muna jin daɗi. To, mun yarda a ambaci mai kamu da ganga, wadda aka kamo kuwa a ɓoye ta cikin adudu? Da zarenta aka ciyar da gidan nan a yunwa uku. Kawu bai ce kome ba. Har yau bai yarda ba, amma ya daina cewa a yage. Sunanta kuwa na bar shi cikin kaye, ban kawo shi gidan rediyo ba, don na yi masa alkawari.

Abin da na lura da shi ke nan game da tarihin mata. Maroƙan fada sun san jerin sarakuna tun daga Ɗan Kasawa. An san Iya ta Maraɗi da Inna ta Gobir, don su masu sarauta ne. Amma mai daka da mai kaɗi da mai suyar kifi, ba mai jera sunansu. Labarinsu yana cikin kayan ɗaki da bakin tsofaffi mata. In tsohuwa ta rasu, aka sayar da kayan, ya tafi ke nan. Kuma kada ku ce labarin tsohuwar ƙauye ba ya da daraja. A 1949 da 1950 wata Baturiyar Ingila, Mary Smith, ta zauna da wata tsohuwa a Giwa, ƙasar Zazzau, ana ce mata Baba ta Karo. Ta rubuta labarinta tun daga ƙuruciya, har da yadda mahara suka kama mata na danginsu aka yi ta neman kuɗin fansa. Littafin ya fito a 1954, ana karanta shi a manyan makarantun duniya. Zamani guda ne da na kakar Kaka. Ita Baba tana can gefen da ake kai ma hari, mu muna gefen da mahara ke fitowa.

Ku da kuka fara iya rubutu, wannan aiki bai fi ƙarfinku ba. Ba sai kun iya dogon rubutu ba. Ku tafi da goro, ku zauna ƙasa, kada ku yi gaggawa. Kada ku ce, "Ba ni tarihi," don tsohuwa za ta ce ba ta san kome ba. Ku sa mata wani abu a hannu, tasa ko munduwa ko tsohon faifai, ku ce, "Wannan na wane ne?" Za ku ga baki ya buɗe. Ku tambayi sunan yanka da laƙabi, don laƙabi ma labari ne. Wadda aka sa ma Azumi an san watan haihuwarta. Wadda aka sa ma Ajuji, an san uwarta ta sha binne ƴaƴa kafin ita. In akwai zane a fuska, wanzamin gari zai gaya muku na wane iri ne. Kowace magana kuka rubuta, ku sa sunan wanda ya faɗe ta, da garin, da ranar. In biyu sun saɓa, ku rubuta duka biyun, kada ku zaɓi mai daɗin. Mai wayar salula ya ɗauki murya da hoto, amma ya rubuta a kaye kuma, don waya na ɓacewa, tana faɗawa ruwa. Kayen a sa shi cikin akwatin ƙarfe saboda gara.

Ƙanwar Kaka ta rasu da damina ta zagayo, wata takwas bayan zuwana. Akwai tambaya guda da na manta ban yi mata ba, wato sunan mijin Bakanuwa. Na bar masa fili a shafi na uku. Liyarin yana wurin uwata, ta ce bayanta ɗiyata za ta riƙe shi. Mazarin kuwa na kai ma wata tsohuwa a unguwarmu ta gwada. Ta shafa alli a yatsa, ta murza, ya juya sarai.

Ga aikinku na wannan sati. Kowa ya rubuta layi uku a kayensa: sunan kakarsa mace, garin da aka haife ta, da abu guda da ta bari ko take riƙe da shi. Ku kai ma malaminku ya duba. Wanda kakarsa ke da rai, ya tafi wurinta kafin ranar kasuwa.

Sai sati mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.